Shek Ɗin Lafiya Da Katin CSU: Sanin Ranar Da Haƙƙi Yake Ƙarewa Da Yadda Ake Sabunta Shi



Akwai wani ƙorafi da ya yawaita a bakin jama'armu a nan Mora da ƙauyukan Mayo-Sava, har ya zama da wuya a tashi daga majalisi ba a ji shi ba. Mutum zai ce gwamnati ta yi shela a rediyo cewa magani kyauta ne, shi kuma ya kai iyalinsa asibiti an miƙo masa takardar biya. Wani lokaci mai ƙorafin yana da gaskiya, cutarsa aka yi. Amma sau da yawa in aka zauna aka duba takardun da ke hannunsa, sai a tarar haƙƙin da yake nema ya riga ya ƙare bai sani ba: ko kwanakin sun cika, ko yaron ya wuce shekarun, ko shekara ta zagayo ba a sabunta ba. Tallafin lafiya na gwamnatin Kamaru ƙofofi ne daban-daban, kowace da nata sharaɗin, kowace da ranar rufewarta. Wanda ya san ranar ya shirya mata. Wanda bai sani ba, a bakin gadon mara lafiya zai ji labari, lokacin da babu halin gardama.

Tsarin da ake kira CSU, wato kula da lafiyar kowa da kowa, ministan lafiya Manaouda Malachie ne ya ƙaddamar da zangonsa na farko ranar 12 ga Afrilu 2023 a garin Manju, kusa da Bertuwa a Jihar Gabas. Sunan yana da faɗi, amma zangon farko bai ɗauki kowace cuta da kowane mutum ba. Ya tattaro wasu rangwame ne, galibinsu sun girme shi, ya sa su ƙarƙashin inuwa ɗaya da rajista ɗaya. Maganin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 ya zama kyauta tun 2011, aka ƙara da mai tsanani a 2014. Maganin ƙanjamau kyauta ne tun 2007, na tarin fuka ma kyauta ne. Shek ɗin mata masu juna biyu, wanda ake kira Chèque Santé, ya fara aiki a 2015 a jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da tallafin Faransa da Jamus. Sabon abin da 2023 ta kawo shi ne ganin likita kyauta ga ƙananan yara, da saukar da kuɗin wankin ƙoda. Magidanci mai hawan jini ko ciwon sukari, ko wanda babur ya kayar a hanyar Marwa, ba ya cikin waɗannan ƙofofi, kuma gara a faɗi wannan a fili tun daga farko. A ƙasar nan kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun iyalai yake fitowa kai tsaye. Shi ya sa ɗan rangwamen da aka samu bai kamata a bar shi ya kuɓuce saboda sakaci ba.

Ɗalibai kan tambaye mu ko wannan ba inshora ba ce, alhali malamai sun yi magana a kan inshora. Maganar malamai tana kan inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke sayar da alƙawari don riba, kuma cikinta akwai garari. Majalisar bincike ta Azhar a taronta na 1965 a Alƙahira ta halatta inshorar taimakon juna da tsarin kula da jama'a da hukuma ke gudanarwa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da bambancin nan tsakanin ta kasuwanci da ta taimakon juna a Jidda a 1985. Abin da mace take biya a shek gudummawa ce ƙarama a cikin asusun da baitulmali da masu tallafi suka cika, babu mai neman riba a kanta. Ba mu ga abin da zai hana Musulmi shiga ba.

Mu fara da shek ɗin, domin shi ne ya fi shafar gidajenmu, kuma a kansa aka fi yin kuskure. Kuɗinsa sefa 6,000 ne, wato jaka shida. Da shi mace take samun awon ciki, da gwaje-gwajen da ke tare da awon, da hoton ciki, da haihuwa a hannun ungozoma ta asibiti, da tiyata idan haihuwa ta zo da gardama, da kulawa ita da jaririnta har kwana 42 bayan ta sauka. Wanda ya taɓa biyan kuɗin tiyatar haihuwa daga aljihunsa ya san jaka shida ba ta kama ƙafarsa ba. Gidaje da yawa sai sun sayar da dabba ko buhunan dawa. Binciken ƙasa na 2011 ya nuna mata 782 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, na 2018 ya nuna 406. An samu sauƙi, amma adadin har yanzu mai nauyi ne, kuma bayan kowace lamba akwai gidan da aka bar marayu.

To, abu na farko da za a riƙe shi ne, shek na ciki ɗaya ne. Ba katin zama ɗan ƙungiya ba ne da ake ajiyewa a ƙasan akwati a fito da shi bayan shekara biyu. Mace ta saya a cikin da ya wuce, ta haihu lafiya, ba a yi mata tiyata ba, sai maigida ya ɗauka ai akwai saura a ciki. Babu saura. Sabon ciki, sabon shek, sabuwar jaka shida. Sabuntawar ke nan. Kuma yana aiki ne a asibitocin da aka amince wa su karɓe shi, ba kowane ɗakin shan magani ba, don haka a tambaya kafin a biya, musamman idan mace za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani gari. A tabbatar wurin da za ta haihu yana cikin tsarin, ta kuma tafi da shek ɗin da karnen awonta a jakarta, ba a bar su a ɗakin miji ba.

Abu na biyu, lokacin saye. Kuɗin ɗaya ne ko an saya a wata na uku ko a wata na takwas, amma amfanin ba ɗaya ba ne. Wadda ta saya da wuri ta samu awonta duka, an duba jininta, an ba ta maganin ƙarin jini da na kariya daga zazzaɓi, an gano idan jininta yana hawa ko jaririn ya kwanta ba daidai ba. Wadda ta jira sai naƙuda ta taso, ta bar rabin haƙƙinta a ƙasa. Mun san al'adar ɓoye ciki, musamman na fari, saboda kunya da tsoron baki. Kunya alheri ce, amma ungozoma ba 'yar gulma ba ce, kuma ɗakin awo ba dandali ba ne.

Abu na uku shi ne wanda muka fi so a yi wa tunani. Shek yana ƙarewa kwana 42 bayan haihuwa. Mu kuwa al'adarmu mai jego tana ɗaka tana wanka har ta yi arba'in, sa'annan ta fito yawon gaishe-gaishe. Ku lissafa: ranar da ta fito, kwana biyu kacal ya rage mata. Duk makonni shida da asibiti yake jiran ya duba ta kyauta, ita tana ɗaka, kuma a cikin waɗannan makonnin ne haɗari ya fi yawa: zubar jini, zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa, ciwon kai da kumburi masu kai ga jijjiga, cibiyar jariri da ta ruɓe, shawara da ta sa idonsa ya yi ɗorawa. Sai a ce a bari ta yi arba'in tukuna. In ta yi arba'in da kwana biyar aka kai ta, an kai ta a matsayin mai biya. Babu wani hukunci a shari'a da ya hana mai jego fita neman magani. Kwanakin biƙi magana ce ta salla da azumi da kusantar miji, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya iyakarsu ma kwana 60 ne, ba 40 ba. Ba su da alaƙa da ƙofar asibiti. Shawararmu ita ce a rubuta ranar haihuwa a bayan karne, a ƙirga 42, a rubuta ranar da ta faɗa. A kai ta dubawa a kwanakin farko, a sake kai ta kafin ranar ta cika ko da tana cewa lafiyarta ƙalau.

Wa zai biya jaka shidan? Wannan ba ta buƙatar dogon bincike. A cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ladan ungozoma yana cikin abin da aka ɗora wa miji. Gaskiya ne malaman da ba su wajabta masa kuɗin magani na sauran cututtuka ba, amma malaman wannan zamani irin su Shehu Wahba Zuhaili sun yi bayanin cewa a yau magani ya zama larura kamar ci da sha, don haka ya shiga ciyarwa. Ko ma wane ra'ayi mutum ya bi, kuɗin haihuwa nasa ne. Abin mamaki, mutumin da zai ce jaka shida ta yi masa yawa, shi ne ranar suna zai yanka ragon da ya ninka ta sau da yawa, ya ƙara da goro da alawa. Ragon sunna ne, muna kwaɗaitarwa a kansa. Amma ba a gabatar da shi a kan abin da yake wajibi.

Ranar da shek ya ƙare, uwa ta fita daga tsarin, jariri kuma ya koma wata ƙofa, ta yara 'yan ƙasa da shekara 5. Sai dai ba ya shiga da sunan uwarsa, yana buƙatar rajistar kansa. Rajistar CSU kyauta ce, ana yin ta a asibitoci da cibiyoyin lafiya, ma'aikatan lafiya na unguwa ma sukan taimaka. Abin da yaro yake samu shi ne ganin likita ba tare da biya ba, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da alluran rigakafi. A lura da kyau, ganin likita kyauta ba ya nufin kowane magani da aka rubuta kyauta ne. Idan ciwon ba zazzaɓin sauro ba ne, ana iya tura uba kantin magani, kuma ba a zalunce shi ba. Akwai kuma ƙwayoyin kariya da ake rabawa gida-gida da damina a Jihar Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata. Sannan Kamaru ce ƙasa ta farko da ta sa rigakafin zazzaɓin sauro cikin alluran yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairu 2024, an fara da gundumomin lafiya 42. Allura huɗu ce, ta ƙarshe sai yaro ya kai shekara 2, kuma ita ce aka fi mantawa.

Wannan ƙofa ba a sabunta ta. Ranar da yaro ya cika shekara 5 ta rufe. To, wa zai ce ya cika ko bai cika ba? Takarda. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, ma'aikaci zai dube shi da ido ya ƙiyasta, in yaron mai tsawo ne ya ce ya wuce, uba ya ce an haife shi shekarar da aka yi ruwa mai yawa, a yi ta jayayya. Mu da muke lissafi da watan sama ma sai mu kula: shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11, a shekara biyar bambancin ya kusa wata biyu, kuma asibiti da ta Miladiyya yake aiki. Doka ta ba da kwana 90 a kai rahoton haihuwa ofishin magajin gari ko cibiyar rajista mafi kusa. In aka yi sakaci lokaci ya ja, sai an bi ta kotu a samo hukuncin da zai maye gurbin rahoton, da shaidu da kuɗi da zirga-zirga. Wannan takardar ce dai za a nema ranar da yaron zai zauna jarrabawar kammala firamare, ita ce kuma za a nema ranar da zai yi katin ɗan ƙasa. Wanda ya haihu a asibiti ya karɓi shaidar haihuwa kafin ya bar wurin, ya kai ta ofis a makon suna, tun sunan yana sabo a baki.

Rubuta sunayen mutane don a ba su haƙƙi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani, aka rubuta Musulmi gida-gida don rabon baitulmali. Malaman tarihi sun kawo cewa da farko yaro ba ya shiga sai an yaye shi, sai ya gano iyaye mata suna gaggauta yaye don su samu rabon, yara suna wahala. Nan take ya canza doka, ya sa a rubuta kowane jariri tun daga haihuwa. Hukuma takan gyara sharaɗi idan ta ga cutarwa, amma ba za ta ga wanda ba a rubuta ba.

A Mayo-Sava maganar takardu tana da wani ciwo na daban. Tun 2014 'yan'uwanmu na Amchide da Limani da Kerawa da ƙauyukan Kolofata suka baro gidajensu da abin da ke jikinsu, takardu sun ƙone ko sun ɓace, kuma da yawansu a cikin Mora suke zaune har yau. Irin waɗannan kada su ce tunda babu takarda babu amfanin zuwa. Mai ciki ta je awo, a kai yaro rigakafi, a karɓi karne, domin karnen da kansa shaida ce mai ɗauke da suna da kwanan wata. A kuma kasa kunne ga lokutan da kotu ke fitowa zaman tafi-da-gidanka don yi wa marasa takardar haihuwa hukunci a taro. Lawanai da bulamai sukan san ranar, kuma ya dace limamai su sanar bayan salla kamar yadda suke sanar da ɗaurin aure.

Ƙofa ta uku ita ce wadda ake sabuntawa shekara-shekara, ta masu wankin ƙoda. Kafin 2023 mara lafiya yana biyan sefa 5,000 a kowane zama, zama biyu a mako, abin da ya kama sefa 520,000 a shekara. Yanzu sefa 15,000 ne na shekara guda. Masu wannan larura ba su da yawa a cikinmu, amma su ne waɗanda jinkirin mako ɗaya zai iya zame wa ajali, da izinin Allah. Daga Mora sai an je Marwa, kilomita 60 ko kusa da haka, wasu ma har Garwa, kuma kuɗin mota da masauki da abinci ba su cikin jaka goma sha biyar ɗin. Dangin mara lafiya su riƙe rasiɗin biya, su san ranar da shekararsa take cika, su tanadi kuɗin wata guda kafin nan. Masu karɓar maganin ƙanjamau da na tarin fuka ba kuɗi suke sabuntawa ba, ranar komawa ce tasu sabuntawar. Mai tarin fuka da ya ji sauƙi a wata na biyu ya daina zuwa, alhali maganin na wata shida ne, yana iya dawowa da ciwon da ya fi na farko wuyar magani, ya kuma shafa wa mutanen gidansa da na sahunsa.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne takarda ke kayarwa. A Amurka, a watan Afrilun 2023 ɗin nan da aka ƙaddamar da CSU, hukumomi suka koma tantance masu cin gajiyar Medicaid, tsarin lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, bayan an dakatar da tantancewar a lokacin korona. An cire mutum fiye da miliyan 20, kuma kusan 7 cikin 10 an cire su ne saboda takarda: wasiƙa ta je tsohon adireshi, ko ba a mayar da fom a kan lokaci ba. A Ghana, inda katin lafiya yake mutuwa duk shekara, da suka ga mutane suna barin nasu ya mutu saboda dogon layi, sai suka buɗe hanyar sabuntawa ta wayar hannu a ƙarshen 2018. Namu hukumomin suna da abin koyi a nan, kuma muna fata wata rana saƙo zai riƙa shigowa wayar magidanci yana tuna masa kwanan da ya rage.

Akwai dabaru biyu da muke ji ana yi, kuma dole mu yi magana a kansu. Na ɗaya, aron shek ko kati: kishiya ko ƙanwa ta je da na wata. Na biyu, rage wa yaro shekaru don ya ci gaba da shiga cikin 'yan ƙasa da biyar. Duka biyun ƙarya ce da cin dukiyar jama'a ba da haƙƙi ba, kuma kasancewar kuɗin na gwamnati ne bai halatta su ba. Ban da zunubi akwai haɗari. Karne yana ɗauke da rukunin jinin mai shi da tarihin cikinta. In aka yi wa wata aiki da bayanin wata, ana iya ƙara mata jinin da ba nata ba. Haka ma'aikacin da ya karɓi kuɗi a kan abin da shek ya riga ya biya, ya ci haram, ko da ya kira shi na goro. Wanda aka nemi ya biya abin da yake ganin yana cikin haƙƙinsa, ya nemi rasiɗi cikin ladabi, ya kai maganar ga shugaban cibiyar ko kwamitin lafiya na unguwa, ko ya kira lambar ma'aikatar lafiya, 1510. Ya kuma yi adalci: wani lokaci maganin ne ya ƙare a kanti saboda kuɗin da ake mayar wa asibiti ya yi jinkiri, ungozomar da ke gabansa ba ta da laifi.

Saura waɗanda jaka shidan da gaske ta fi ƙarfinsu, kuma muna da su: matar da mijinta ya rasu ya bar ta da ciki, da 'yan gudun hijira, da wanda damina ta ba shi baya. Waɗannan suna cikin masu cin zakka, kuma ya halatta a damƙa wa mace kuɗin a hannunta a matsayin zakka ta je ta saya da kanta. Masallacin da ke tara jaka talatin a wata ya iya ɗaukar nauyin mata biyar. Kwamitin masallaci ya ware mutum ɗaya mai riƙon amana, tare da malama ɗaya daga makarantar matan aure, domin mata sun fi sanin wadda ke da ciki da wadda ke ɓoyewa saboda babu. Ɗalibanmu masu karatun boko da na Islamiyya kuwa, aikinsu ya fi kowanne sauƙi: ku karanta wa iyayenku abin da ke rubuce a takardunsu da Faransanci, ku rubuta musu ranakun da ajami ko da boko a inda za su gani, ku ɗauki hoton kowace takarda da waya don ko ta ɓace. Ranar Lahadi, da jama'ar ƙauye suke shigowa kasuwar Mora, rana ce mai kyau ta isar da wannan bayani ga waɗanda ba sa karanta mu.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.